Ƙananan Zaɓuɓɓukan da Suka Ratso Har Gadarif

Lacca ce da aka gabatar a wani zauren taro a Gadarif, gaban dattawa da malamai da ɗalibai.

 

Daga 1918 da aka ajiye makaman yaƙin duniya na ɗaya zuwa 1939 da aka sake ɗaukarsu, babu wani Bahaushen Gadarif da ya taɓa jefa ƙuri'ar zaɓen ɗan majalisa. Maƙwabcinsa ɗan Shukriyya bai jefa ba, attajirin Umdurman ma bai jefa ba, don ƙasar ba ta da majalisar da ake zaɓa. Gwamna-Janar ne a Hartum da mashawartansa Turawa, abin da suka sa wa hannu shi ne doka. Can gida inda aka baro dangi, Kano da Katsina da Sakkwato da Zariya, zancen duk ɗaya ne: Gwamna ya yi shela, Razdan ya kai wa Sarki, Sarki ya sauke wa hakimi, hakimi ya sauke wa talaka. To mai sauraro yana iya cewa, ina ruwan biri da gada? Me ya haɗa mutanen da ba su da ƙuri'a da zancen zaɓen cike gurbi?

Abin da ya haɗa su shi ne, masu riƙe da akalar ƙasashen biyu suna da ƙuri'a a garinsu, kuma suna tsoronta. Akwai ranakun da mutanen wata mazaɓa a Ingila, waɗanda ba su taɓa jin sunan Gadarif ba, suka fita zaɓe da safe, bayan 'yan shekaru kuma abin da suka yi ya iso har bakin gonakin dawar garin nan.

A takarda, zaɓen cike gurbi ƙaramin abu ne. Ɗan majalisa ya rasu ko ya ajiye aiki, kujerarsa ta zama babu kowa, sai a kira mutanen wannan mazaɓa kaɗai su zaɓi wani. Kujera ɗaya cikin 615 ba ta kayar da gwamnati ta fuskar lissafi. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar amfanin gona ta garin nan da kakar riɗi ya ga yadda dillali yake yi. Ba ya zazzage buhu. Ƙarfe yake sokawa ya zaro ɗan abin da bai cika tafi ba, ya murza, ya hura, ya yanke wa buhun duka farashi. Haka 'yan siyasar Ingila suka ɗauki cike gurbi. Wata ran ɗan abin da aka zaro ya faɗi gaskiyar buhun, wata ran kuma ƙarfen ya faɗa inda ƙasa ta taru, a yi wa kaya mai kyau mugun farashi.

Shekarun kuwa na ruɗani ne a siyasar Ingila. Dokar 1918 ta ba maza masu shekara 21 ƙuri'a, da mata masu shekara 30 da suka cika wasu sharuɗɗa, yawan masu zaɓe ya tashi daga wajen miliyan 8 zuwa sama da miliyan 21. A 1928 aka daidaita mata da maza. Babu wanda ya san inda wannan sabon taro zai karkata. Tsohuwar jam'iyyar Libaral ta dare biyu tsakanin Asquith da Lloyd George, jam'iyyar Leba ta ma'aikata tana tasowa, 'yan Kwanzabatib kuma suna lissafin wanda za su riƙe da wanda za su saki. Ga wata tsohuwar al'ada da ba a soke ta gaba ɗaya ba sai 1926, wadda ta tilasta wa ɗan majalisar da aka naɗa minista ya koma mazaɓarsa ya sake roƙon ƙuri'a. Ita ta kayar da Arthur Griffith-Boscawen a Dudley a 1921, ana gama ba shi ministan gona. Bawan Allahn nan ya sake shan ƙasa a cike gurbin Mitcham a 1923 yana ministan lafiya, daga nan ya haƙura da majalisa. Winston Churchill ma bai tsira ba, ƙuri'a 43 kacal suka raba shi da wata kujerar Westminster a Maris ɗin 1924.

Wanda ya fi duka nauyi shi ne na Newport, wani garin tashar jiragen ruwa a Wales, ranar 18 ga Oktoban 1922. Lloyd George ne Firayim Minista, amma a kan kafaɗar Kwanzabatib yake tsaye, don su ke da rinjaye a gwamnatin haɗin gwiwar. 'Yan bayan jam'iyyar sun gaji da shi. Shugabansu Austen Chamberlain kuwa ya dage a ci gaba da tafiya tare, hujjarsa ita ce in aka rabu Leba za ta cinye ƙasar. Sai ya shirya dabara: ya sa taron 'yan majalisarsa washegarin zaɓen Newport, yana da yaƙinin Leba za ta ci can, ya shigo da sakamakon a hannu ya ce kun gani. Da asuba labari ya iso Landan cewa Reginald Clarry ne ya ci, ɗan Kwanzabatib ɗin da mutanen garin suka tsayar don nuna ƙin haɗin gwiwar. Leba ta zo ta biyu, Libaral ta uku. Da hantsi aka taru a kulob ɗin Carlton, sama da mutum 180 suka ce a rabu, waɗanda suka tsaya wa Chamberlain ba su kai 90 ba. Kafin faɗuwar rana Lloyd George ya miƙa takardar murabus, kuma bai sake riƙe wani muƙamin gwamnati ba har ya mutu.

Daga nan abubuwa suka yi ta gangarowa. Babban zaɓe uku aka yi cikin shekara biyu. A Nuwamban 1922 Leba ta sami kujeru 142 ta zama babbar 'yar hamayya. A Disamban 1923 ta kai 191, Libaral na da 158, aka wayi gari a Janairun 1924 Ramsay MacDonald ya kafa gwamnatin Leba ta farko. A ƙarshen Oktoban shekarar aka sake zaɓe, Kwanzabatib ta kwashe sama da 400, Libaral ta faɗo zuwa 40, faɗuwar da ba ta sake tashi daga ita ba.

Ita kuwa 1924 babu ɗalibin Sudan da bai haddace ta ba. A Janairunta jam'iyyar Wafdu ta lashe zaɓen Masar, Sa'adu Zaglul ya zama Firayim Minista. A Hartum, Ali Abdullaɗif da Ubaidu Hajj al-Amin suka fito da ƙungiyar Farar Tuta, a watan Agusta ɗaliban makarantar soja suka yi maci a titi da bindigoginsu. Mutane da yawa a Alƙahira da Umdurman sun sa rai, ganin jam'iyyar ma'aikata ce ke mulki a Landan, za a sassauta. Zaglul ya tafi Landan a ƙarshen Satumba ya zauna da MacDonald, ya dawo hannu rabbana, don a kan Sudan MacDonald bai motsa ko taku ɗaya ba. Ranar 19 ga Nuwamba aka harbe Gwamna-Janar Lee Stack a titin Alƙahira, ya cika washegari. Gwamnatin Kwanzabatib ta Baldwin tana da mako biyu a kan mulki, kuma ministan harkokin wajenta ba kowa ba ne illa Austen Chamberlain, mutumin da Newport ta kayar, ya zagayo ta wata ƙofar. Allenby, wakilin Ingila a Masar, ya kai wa Zaglul sharuɗɗa: diyyar fam 500,000, a kwashe sojan Masar daga Sudan, a faɗaɗa noman ban-ruwa na Jazira daga fadan 300,000 zuwa iyakar abin da aka ga dama. Zaglul ya sauka. A ranakun 27 da 28 ga watan, hafsan Sudan Abdulfadil Almaz da sojojinsa suka yi ta musayar wuta da sojan Ingila a asibitin soja na Hartum har aka rushe ginin a kansa.

Gaskiyar da ya kamata a faɗa a nan ita ce, sauyin jam'iyya a Landan yakan sauya zafin hannu ne kawai, manufar tana nan. Leba ta dawo mulki a 1929 da kujeru 287, ministanta Arthur Henderson ya zauna da Firayim Ministan Masar Mustafa Nahhas, aka daidaita kusan komai, amma a Mayun 1930 zaman ya watse, kuma a kan Sudan ya watse. Duk wanda ya ɗauka Baturen Leba ya fi na Kwanzabatib son barin kogin Nilu bai karanta tarihin shekarun nan ba.

Zafin hannun kuwa an ji shi. Aka rufe makarantar soja, aka ja wa 'yan boko birki, Gwamna-Janar Maffey ya jingina mulki a kan nazirai da umdodi da shehunnan ƙabilu, irin abin da Lugga ya gina a Arewacin Najeriya. A 1925 aka gama madatsar Sinnar, Jazira ta buɗe baki tana neman masu tsinkar auduga. Dogo ya iso Kasala a 1924, ya iso Gadarif a 1928, ya haɗe da Sinnar a 1929. Su wa suka cika gonakin? Kakannin da yawa daga cikin waɗanda ke zaune a zauren nan ne: mahajjatan da guzuri ya ƙare musu a hanya suka tsaya neman na gaba, da jikokin hijirar da ta biyo bayan Burmi, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a ya kafa garin da ke ɗauke da sunansa a bakin Shuɗin Nilu.

Waɗannan mutane ba su da akwatin zaɓe, amma kada a ce ba su da ɓangare. Nasu sauyin sheƙar da ƙafa ake yinsa. Wanda ya ɗauki fartanyarsa ya nufi tsibirin Aba ya yi wa Sayyid Abdurrahman ɗan Mahadi noma don neman albarka ya bayyana inda yake. Wanda ya tsaya ƙarƙashin Mai Wurno shi ma ya bayyana. Turawa kuwa suna ƙirga ƙafafun nan kamar yadda ake ƙirga ƙuri'a a Newport. Sun ɗaga darajar Mai Wurno don ya zama katanga tsakanin Takari da Aba. Can Najeriya sun kama Malam Sa'idu ɗan Hayatu a Dumbulwa a 1923 kan zargin yana musayar wasiƙu da Sayyid Abdurrahman, suka kai shi Buea ta Kamaru. Har jami'i suka turo, Lethem, ya bi hanyar mahajjata tun daga Borno zuwa Sudan da Jidda yana tambaya yana rubutawa.

A koma Ingila, a ga inda ƙarfen ya zaro ƙasa. Rikicin tattalin arzikin duniya ya tarwatsa Leba a 1931, ta tsira da kujeru 52 kacal. Sai ga cike gurbin Fulham ta Gabas, wata unguwa a Landan, ranar 25 ga Oktoban 1933. Shekara biyu kafin nan Kwanzabatib ta ci kujerar da ratar ƙuri'a 14,521. A wannan rana John Wilmot na Leba ya ƙwace ta da ratar 4,840. Kwana 11 kafin zaɓen Hitler ya fitar da Jamus daga taron rage makamai da Majalisar Ƙasashen Duniya ta wancan zamani, Wilmot kuma ya yi yaƙin neman zaɓe yana cewa abokin karawarsa mai son yaƙi ne. Manyan gwamnati suka karanta sakamakon da fassara ɗaya: talaka ba ya son jin zancen makamai. Baldwin da bakinsa ya tsaya gaban majalisa a Nuwamban 1936 ya kafa hujja da Fulham, ya ce da ya nemi ƙuri'a a lokacin da sunan tara makamai da ya faɗi.

Masana tarihin da suka koma suka tona daga baya sun ga abin bai tsaya nan ba. Unguwar tana fama da cunkoson gidajen haya, marasa aikin yi suna jin haushin binciken ƙwaƙwaf da ake yi musu kafin a ba su tallafi, ɗan takarar Kwanzabatib kuma tsohon ɗan siyasar unguwa ne da ya tara maƙiya. Hujja mafi sauƙi ita ce a babban zaɓen 1935 kujerar ta koma hannun Kwanzabatib. Amma fassarar farko ta riga ta shiga kan masu mulki, ta kuma yi musu daɗi, don ta ba su abin fakewa. Da Mussolini ya afka wa Habasha a Oktoban 1935, gwamnatin da ta ci zaɓe a Nuwamba da alkawarin tsayawa bayan Majalisar Ƙasashe ita ce a Disamba aka kama ministanta Samuel Hoare ya ƙulla da Laval na Faransa a yanka wa Italiya mafi yawan abin da take so. Jama'a suka yi caa, Hoare ya sauka, amma ba a rufe wa Italiya mashigin Suwez ba, ba a hana ta man fetur ba. A Mayun 1936 Adis Ababa ta faɗi.

Ga mutumin Fulham, Habasha suna ne a jarida. Ga mutumin Gadarif kuwa, tafiyar wajen kilomita 150 ce zuwa Gallabat, garin da Takari masu hanyar Makka suka raya tun kafin zuwan Turawa, kwazazzabo ɗaya ne tsakaninsa da Matamma. Ranar 4 ga Yulin 1940 sojan Italiya suka kama Kasala da Gallabat. Ranar 16 ga Oktoba jiragensu suka faɗo wa filin jirgin garin nan suka ƙone jiragen Ingila 10 suna ajiye a ƙasa. A Nuwamba Birgediya Slim ya tasa rundunarsa zuwa Gallabat, aka gwabza, bai iya tsallakawa Matamma ba. Sai a Janairun 1941 aka karɓe Kasala. An yi zaɓuɓɓukan cike gurbi a Oxford da Bridgwater a ƙarshen 1938 waɗanda suka nuna mutanen Ingila sun fara dawowa daga rakiyar lallashin Hitler, amma ga mazauna bakin iyakar nan wannan farkawa ta zo a makare.

Tsoron Italiya ne ya sa Ingila da Masar suka sasanta da gaggawa, suka sa hannu a yarjejeniyar 26 ga Agustan 1936. An yi maganar Sudan a ciki, ba a tambayi Basudane ko ɗaya ba. Wannan raini shi ya farkar da 'yan boko, kuma a nan ne labarin ya shigo gida.

Tun 1918 akwai kulob ɗin waɗanda suka gama makaranta a Umdurman, wurin shan shayi da karatun jarida da muhawarar adabi. Zaɓen kwamitinsa na shekara-shekara shi ne kusan kaɗai akwatin da afandiyya, wato 'yan boko, suke da shi, don haka suka zuba masa duk ƙishin siyasar da ke ransu. A 1931 gwamnati ta rage albashin farko na wanda ya gama Kwalejin Gordon daga fam 8 zuwa fam 5 da rabi, ba ta taɓa na sabon Bature ba. Ɗalibai suka yi yajin karatu, Sayyid Abdurrahman ya shiga tsakani, aka tsaya a fam 6 da rabi. Rigimar wa ya yi ƙoƙari wa ya sayar ta raba kulob ɗin gida biyu: mutanen Muhammad Ali Shauƙi, da Sayyid Abdurrahman a bayansu, da mutanen Shehu Ahmad Sayyid al-Fil, da Sayyid Ali al-Mirgani a bayansu. Kujerar da ake faɗa a kanta ba ta da albashi, ba ta da iko a kan ko ɗan doka ɗaya. Amma a wannan tsakar gida aka koyi yadda ake rubuta jerin 'yan takara, yadda ake bin mutum har gida, yadda ake tabbatar da cewa naka ya biya kuɗin memba kafin ranar zaɓe. Duk wanda ya duba layin da aka ja a nan zai ga shi ne dai layin da ya raba Ansar na Sayyid Abdurrahman da Hatmiyya ta Sayyid Ali a majalisun bayan 'yancin kai.

Ahmad Khair ya kawo shawarar babban taro daga Madani, aka kafa Mu'utamar na 'yan boko a Fabrairun 1938, mutum 1,180 suka halarta. Suka zaɓi majalisa mai mutum 60, ita kuma ta fitar da 15 na zartarwa, wani malamin lissafi mai suna Isma'il al-Azhari ya zama sakatare. Shi da abokansa, waɗanda aka sani da Ashiƙƙa, da farko a inuwar Sayyid Abdurrahman suke. Da suka ga alamar Sayyid ɗin yana hangen sarautar Sudan, suka zame suka koma wajen Hatmiyya da Masar. Sun gane abin da manyan afandiyya masu ji da Turanci suka raina, wato wanda ya fi kawo mutane ranar zaɓe shi ke da taro, sai suka bazama kasuwanni suna rubuta 'yan tireda da masu sana'a. A zaɓen ƙarshen 1944 suka mamaye Mu'utamar. Waɗanda aka kayar suka fita suka kafa jam'iyyar Umma a farkon 1945.

A ɗaya bakin hanyar hajji kuwa akwai akwati na gaske, sai dai ƙarami ne ƙwarai. Tsarin mulkin Gwamna Clifford na 1922 ya ba Legas kujeru 3 na zaɓe, Kalaba 1, kuma sai namijin da ke samun fam 100 a shekara ke jefa ƙuri'a. Jam'iyyar NNDP ta Herbert Macaulay ta kwashe kujerun Legas a 1923 da 1928 da 1933, shi kansa Macaulay yana gefe don wani tsohon hukuncin kotu ya hana shi tsayawa. A 1938 samarin NYM suka share ta, suka ɗauke duka ukun. Kowa ya ce an sami jam'iyyar ƙasa. Cike gurbi ne ya karya ta. Dakta Kofo Abayomi ya bar kujerarsa ya tafi Ingila ƙarin karatu, aka zo fid da magaji a 1941. Shugabannin ƙungiya suka ce Ernest Ikoli, ɗan jarida, mutumin Ijo. Nnamdi Azikiwe da jaridarsa West African Pilot suka ce Samuel Akisanya, mutumin Ijebu. Abin lura, Obafemi Awolowo, wanda shi ma ɗan ƙasar Ijebu ne, bayan Ikoli ya bi, don haka ba za a ce ƙabilanci tsantsa ne ya haddasa rigimar ba, ko da yake da ƙabilanci aka ƙare ta. Ikoli ya ci kujerar, Azikiwe ya fice da jama'arsa, a 1944 ya haɗu da tsoho Macaulay suka kafa NCNC, a 1951 Awolowo ya fito da tasa jam'iyyar. Kujera ɗaya ce, masu ƙuri'arta ba su cika filin ƙwallo ba, amma tsagar da ta yi ba ta ɗinke ba har sojoji suka karɓi mulki a 1966.

Ko a ƙasashen Faransa na Afirka ta Yamma, garuruwa huɗu ne kawai na Senegal ke tura wakili Paris. Da Blaise Diagne ya rasu a 1934 aka yi cike gurbi, Galandou Diouf ya kayar da Lamine Guèye. Mutumin Maraɗi da na Damagaram ko labari ba a kai musu ba. Arewacin Najeriya ma majalisar Legas ba ta yi mata doka sai bayan tsarin Richards na 1946. A shekarar da NYM ke murnar cin zaɓe, abin da Arewa ke shirin samu shi ne jarida, Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fito a Zariya a Janairun 1939.

Yanzu ga inda abin ya taɓa zauren nan kai tsaye. Waɗanda suka koyi zaɓe a ƙananan ɗakuna su ne suka rubuta dokar babban zaɓe, kuma sun rubuta ta da mutanen da suka saba gani a ɗakunan. A takardar buƙatu 12 da Mu'utamar ya miƙa wa gwamnati ranar 3 ga Afrilun 1942, wadda sakataren gwamnati Douglas Newbold ya mayar musu da ita, akwai neman a yi dokar da za ta fayyace wane ne Basudane, akwai kuma neman a tsayar da shigowar baƙi. Ba sai an faɗi su wa ake nufi ba. Dokar ta zo a 1948, ta ce ɗan ƙasa shi ne wanda shi ko iyayensa maza suke zaune a Sudan tun 31 ga Disamban 1897, dokar 1957 ta riƙe wannan rana. Hausawa da Fulanin da suka zo tun zamanin Mahadi ko kafinsa sun shiga, in suna da shaidu. Amma an yi Burmi ne a 1903. Mutumin da aka haifa a Mai Wurno, ya yi ƙuruciyarsa a gonakin hawasha na Jazira, ya share dajin Gadambaliya lokacin da aka fara noman inji a tsakiyar shekarun 1940, bisa harafin doka baƙo ne, sai dai ya bi layin neman jinsiyya bit-tajannus, wato takardar zama ɗan ƙasa da ake ba baƙo. Da aka yi zaɓen farko a ƙarshen 1953, jam'iyyar Azhari ta sami kujeru 51 cikin 97, Umma ta sami 22, an kuma ware kujeru 5 na musamman ga 'yan boko. Masu tsinkar audugar da ta biya kuɗin makarantar 'yan bokon ba a ware musu komai ba.

Cike gurbi bai daina aiki a ƙasar nan ba bayan 'yancin kai. Ta wannan ƙofa Sadiƙ al-Mahadi ya shiga majalisa da ya cika shekara 30, wani ya sauka ya bar masa kujera a yankin Farin Nilu, a Yulin 1966 ya zama Firayim Minista, jam'iyyar Umma ta dare biyu tsakaninsa da baffansa Imam al-Hadi.

Dokar 1994 ta matso da ranar ƙidaya zuwa 1 ga Janairun 1956, wanda hakan ya buɗe ƙofa ga kusan duk gidan da ke wakilce a nan. Rabon Sudan da babban zaɓe tun Afrilun 2015, kuma duk ranar da Allah ya kawo na gaba, da rajista za a fara, rajista kuwa da takarda ake yinta. Don haka roƙon da ake yi wa shehunnan unguwanni shi ne a bi gida-gida a san waɗanda ba su da raƙam waɗani, wato lambar ɗan ƙasa, musamman tsofaffi mata da 'yan ƙauyukan gona, a haɗa su da shaidu a raka su ofis tun ba a shiga turereniya ba. Ku kuma ɗalibai, akwai sauran dattawan da suka ga zaɓen 1953 da na 1958 da idonsu. Ku je ku gaishe su, ku tambaye su wa aka rubuta a unguwarsu, wa aka mayar daga bakin layi, ku rubuta da sunan unguwa da shekara.

Allah ya zaunar da ƙasar nan lafiya.